Kira Ga Jama'a: Mu Kama Wa Malaman Da Ke Tsaron Lafiyar 'Ya'yanmu A Makaranta



Duk wanda ya tura yaro makaranta da safe ya san cewa daga ƙarfe bakwai da rabi har zuwa bayan azahar yaron nan ya bar hannunsa. In ɗan makarantar kwana ne, sai a yi wata uku ba a sa shi a ido ba. In almajiri ne, shekara ma takan zagayo. A tsawon wannan lokaci, idan zazzaɓi ya taso masa, ko ciki ya murɗa, ko ya faɗi ya fasa goshi, ko numfashinsa ya sarƙe, babu likita a kusa, babu nas, babu uwa. Babban da ke tsaye a kansa shi ne malami. Abin da idon malamin nan ya gani, da abin da ya sani, da abin da ke cikin akwatin da ke ofishin hedimasta, su ne ke raba yaron da aka kai asibiti da wuri da wanda aka kai bayan an makara.

Kusan kowace makaranta tana da mutum ɗaya da ya ɗauki wannan nauyi a kansa ba tare da an ƙara masa ko sisi ba. Kun san su. Akwai malamar da ke ajiye audugar mata da zane guda a durowarta saboda ranar da wata yarinya za ta kasa tashi daga benci don kunya. Akwai malamin da ke goya yaro a babur ɗinsa ya kai shi asibitin sha-ka-tafi, ya biya kuɗin kati daga aljihunsa, sannan ya dawo ya ƙarasa darasi. Akwai hedimastan da ke bi gida-gida da yamma yana lallashin iyaye su bari a ba yara maganin tsutsar ciki. Akwai alaramman da ba ya barci idan almajirinsa na rawar sanyi. A kan waɗannan bayin Allah nake wannan kira. Mun bar su su kaɗai, mun sa musu ido, in abu ya yi kyau mu yi shiru, in ya ɓaci mu taru a kansu. Lokaci ya yi da za mu kama musu.

Aikin nan ba baƙo ba ne a wurinmu. Malaman jihadi sun haɗa karantarwa da kula da lafiyar jama'a. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da na ciwon ido. Manyanmu suna tuna zamanin duba-gari, waɗanda Makarantar Koyon Tsafta ta Kano ke horarwa tun shekarun 1930, yadda sukan leƙa randa su duba masai. Duk wanda ya yi firamare a shekarun baya yana tuna asambuli: a jera a layi, a miƙa hannaye, malami ya bi yana duba farce da haƙori da gashi da wuyan riga. Mai makero a ware shi a aika wa iyayensa, mai ƙazuwa a ce ya je disfensari. Akwai bulala a ciki, ba kuma ita nake so a dawo da ita ba. Idon nan da ke bin yara ɗaya bayan ɗaya kowace safiya, shi ne abin da muka yi sakaci ya kuɓuce mana.

A takarda kuwa ba mu rasa komai ba. A watan Afrilu na 2000, a taron ilimi na duniya da aka yi a Dakar, Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da UNESCO da Bankin Duniya sun haɗu a kan cewa kowace makaranta tana bukatar abu huɗu: ƙa'idar kiwon lafiya, ruwa mai tsafta da banɗaki, koyar da yara kula da jikinsu a aikace, da hidimar lafiya da abinci a cikin makaranta. A 2006 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayyar Najeriya ta fitar da manufar ƙasa kan kiwon lafiya a makarantu, wadda ta tanadi muhalli mai tsafta, ciyar da ɗalibai, ilimin kiwon lafiya, duba lafiyar yara, da haɗin kai tsakanin makaranta da gida da unguwa. To, ku shiga firamaren da ta fi kusa da gidanku ku tambayi ina banɗakin yara, ina ruwan sha, ina akwatin taimakon gaggawa. A wurare da yawa za a nuna muku bayan katanga, da rijiyar maƙwabta, da akwatin katako mai jan tambari wanda babu komai a ciki sai almakashi mai tsatsa da kwalbar aidin da ta bushe. Tazarar da ke tsakanin takarda da wannan akwati, malami ne ke cike ta da ƙarfinsa da aljihunsa.

Wanda ke shakkar abin da malami zai iya, ya je ya kalli ranar rabon maganin tsargiya. Ana jingina wata sanda mai zane-zane a bango. Yara na zuwa ɗaya-ɗaya, su cire takalmi, su tsaya a miƙe. Inda kan yaro ya kai a jikin sandar, nan ke nuna yawan ƙwayar praziquantel da za a ba shi. Malami ɗaya na aunawa, ɗaya na miƙa magani da kofin ruwa yana kallo har yaro ya haɗiye, na uku na rubutawa a rajista. Tun jiya an aika gida cewa kowane yaro ya karya kumallo sosai, domin maganin yakan sa jiri da tashin zuciya idan ciki babu komai. Wanda ya ji jiri a kwantar da shi a inuwa har ya warware. Kafin a tashi, ɗaruruwan yara sun sha maganin cutar da wasunsu suka yi shekaru suna fama da ita. Horon da aka ba malaman nan ɗan taƙaitacce ne, maganin kuma kyauta yake zuwa: kamfanin Merck na Jamus ne ke bayar da praziquantel ta hannun Hukumar Lafiya ta Duniya, kamar yadda kamfanonin GSK da Johnson & Johnson ke bayar da maganin tsutsar ciki.

Tsargiya ba ƙaramar cuta ba ce, kuma Najeriya na sahun gaba a ƙasashen da ta fi addaba. Mai cutar ya yi fitsari a kududdufi ko magudanar noman rani, ƙwayayen su ƙyanƙyashe su shiga jikin katantanwa, su girma su fito cikin ruwa, su huda fatar yaron da ya zo wanka ko kamun kifi ko ɗibar ruwa. Garuruwan da ke bakin madatsun ruwa irin su Tiga da Bakolori da Goronyo, da na bakin kogin Kwara a Nijar, sun san ta sarai. A wasu wuraren har ana ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar yaro ya fara zama namiji. Alhali jininsa ne ke tsiyaya, ƙarfinsa na raguwa, mafitsara da ƙoda na lalacewa a hankali, a wasu ma ta kai ga sankarar mafitsara idan sun girma. Wa ya fi dacewa ya warware wannan kuskuren fahimta in ba malamin da yaro ke saurara kullum ba?

Amfanin kuma an auna shi. A ƙarshen shekarun 1990, masana tattalin arziki biyu, Edward Miguel da Michael Kremer, sun bi diddigin rabon maganin tsutsar ciki a firamare 75 a yankin Busia na ƙasar Kenya. Suka gano cewa fashin zuwa makaranta ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, har yaran da ba a ba su maganin ba sun amfana, saboda cutar ta ragu a yankin. Ƙwaya ɗaya, sau ɗaya ko sau biyu a shekara. Yaron da muke kira malalaci, mai gyangyaɗi a aji, mai kumburarren ciki da fararen idanu, sau da yawa tsutsa ce ke raba abincinsa da shi.

Sai kuma annoba, wadda ba ta sallama. Daga ƙarshen 2022 zuwa cikin 2023 cutar mashaƙo ta ɓarke, Kano ta fi kowace jiha jin jiki, cutar ta kuma ɓulla a yankin Damagaram na Nijar, musamman Matamaye. Mafi yawan waɗanda ta kama yara ne, kuma akasarinsu ba su kammala rigakafi ba. Farkonta ciwon maƙogwaro ne da zazzaɓi, sai wuya ya kumbura, wani farin abu mai kauri ya lulluɓe maƙogwaro har ya toshe numfashi. Tana bin tari da atishawa, aji mai yara ɗari kuwa ya ishe ta. A watan Maris na 2025 ta shiga King's College da ke Legas, ɗalibi ɗan shekara 12 ya rasu. A farkon 2024 sanƙarau ya shiga makarantun kwana a Jihar Yobe, hukumomi suka tabbatar da rasuwar ɗalibai kimanin 20. A 2017 gurɓataccen ruwa ya kwantar da ɗalibai masu yawa a Queen's College da ke Legas, uku suka rasu. Idan haka ta faru a makarantun da ake tutiya da su, ina ga ta ƙauye wadda ko ƙyaure babu?

A duk irin wannan, sa'o'in farko su ne komai. Sanƙarau na iya kashewa cikin kwana guda, wanda ya tsira kuma yana iya rasa ji. Malamin da ya san cewa zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sandarewar wuya a lokacin zafi ba abin jira ba ne, ya ceci rai. Malamin da ya duba rajista ya ga yara biyar daga layi ɗaya ba su zo ba, ya tambaya aka ce duk amai da gudawa suke, ya ɗaga waya ya kira jami'in lafiya, ya tare kwalara tun ba ta gama gari ba. Rajistar aji da muke rainawa ita ce ke fara ba da labarin annoba, in an sami mai karanta ta da wannan ido.

Akwai kuma cututtukan da ba su da hayaniya, su ne ma suka fi cin yara. Ga yaro a bencin baya yana ƙanƙance ido, yana kwafa daga littafin na kusa da shi, rubutunsa cike da kurakurai. An yi masa duka, an kira shi daƙiƙi, ya maimaita aji. Allon ne ba ya gani. Gwajin ba shi da wuya: takarda mai harafin E manya da ƙanana a manna a bango, yaro ya tsaya nesa da mita shida, ya rufe ido ɗaya, ya nuna da yatsu inda ƙafafun harafin suka fuskanta. Ko yaron da bai iya karatu ba zai iya. Malami ɗaya zai gwada aji guda kafin a tashi tara. Wanda ya kasa a tura shi wurin masu duba ido, tabarau guda ya mayar da shi ɗalibi. Haka yarinyar da kunnenta ke zubar da ruwa, ana ce mata mai taurin kai alhali rabin maganar malami ba ta kai mata.

Ana haifar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a Najeriya kowace shekara. Suna cikin azuzuwanmu. Yaro mai sikila yana bukatar ya sha ruwa a kai a kai, a bar shi ya fita fitsari ba tare da dogon bayani ba, kada a sa shi tsallen kwaɗo ko a tsayar da shi a rana, kada a bar shi cikin sanyin hunturu ba rigar sanyi. Malamin da ya san haka ya rage masa kwanakin asibiti. Mai farfaɗiya kuma idan ta taso masa, yara sukan watse, manya su ja baya saboda camfin cewa ana ɗauka ta yawu. Ba a ɗaukar farfaɗiya. Abin yi shi ne a kawar da abin da zai ji masa rauni, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a juya shi gefe, kada a cusa masa cokali ko wani abu a baki, kada a danne shi. In ta wuce minti biyar a garzaya asibiti. Ranar da malami ya durƙusa ya yi wannan a gaban aji, yaran da suka gani sun rabu da camfin har abada, kuma za su kai labarin gida.

'Yan mata fa? Yarinyar da ta fara al'ada a makarantar da babu banɗaki mai ƙofa, babu ruwa, babu malama mace da za ta raɗa wa, za ta zauna a gida duk wata na wasu kwanaki. Daga fashi sai a bar ta a baya, daga nan sai ta daina zuwa, mu kuma mu ce ba ta son karatu. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, shi ya sa malama ɗaya mai kula a makaranta, da ƙungiyar iyaye mata a bayanta, suke riƙe 'yan mata a aji fiye da duk wata lacca.

Na san abin da wasu iyaye za su ce: mu ba mu yarda a ba 'ya'yanmu wani abu a makaranta ba. Wannan tsoro yana da asali, kuma bai kamata a yi masa dariya ba. A 1996, lokacin da sanƙarau ya kama mutum sama da 100,000 a Najeriya ya kashe fiye da 11,000, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, aka yi shekaru ana shari'a. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a wasu jihohin Arewa, cutar ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. A watan Oktoba na 2017 jita-jitar cewa ana yi wa yara allurar cuta ta sa iyaye a Kudu maso Gabas suka ruga makarantu suna kwashe 'ya'yansu. Amma mu tuna yadda aka ci nasarar shan inna har aka tabbatar da kawar da nau'inta na asali daga nahiyar Afirka a watan Agusta na 2020: sarakuna da malaman addini da mutanen da jama'a suka sani su ne suka tsaya suka yi bayani. Uba ba zai saurari baƙon da ya sauko daga mota da akwatin sanyi ba, amma zai saurari malamin da ya koyar da shi, yake koyar da ɗansa, suke sallah a sahu ɗaya. Yanzu ga rigakafin sankarar bakin mahaifa da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 tun Oktoban 2023, ga sabon rigakafin sanƙarau mai kariya daga nau'i biyar wanda Najeriya ta zama ƙasar farko da ta fara amfani da shi a 2024. Haƙƙin uba ne ya tambaya: mene ne wannan, wa ya kawo, me yake yi? Haƙƙin malami ne a sanar da shi tun da wuri, a yi masa bayani ya gamsu, don ya amsa da ilimi. Kada ma'aikatan lafiya su faɗo makaranta ba sanarwa su bar hedimasta da fushin gari.

A nan dole a ja layi. Malami ba likita ba ne, kuma ba mu neman ya zama. Ba aikinsa ba ne yin allura, ko ƙarin ruwa, ko rubuta magani, ko mayar da ofis kemis. Aikinsa ya gani da wuri, ya yi taimakon farko, ya sanar da iyaye, ya tura asibiti, ya koyar. Wanke ciwo da ɗaure shi, tsayar da haɓo, haɗa ruwan gishiri da sukari (ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta), sanyaya jikin mai zazzaɓi kafin a kai shi: iyakarsa ke nan, kuma ta wadatar.

Wasu kuma za su ce: malamin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, mai yara fiye da ɗari a aji, shi za a ƙara wa kaya? Gaskiya ne, kuma dalilin wannan kira ke nan. Kayan yana kansa tun tuni, ba wanda ya tambaye shi kafin yaro ya faɗi a gabansa. Abin da ya rage shi ne ko mu sa hannu ko mu ci gaba da kallo. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ya ku iyaye! Ranar da kuka kai yaro makaranta, ku faɗa wa malaminsa gaskiya: yana da sikila, yana da asma, yana da farfaɗiya, wani magani ba ya karɓarsa. Ɓoyewa ba ta kare shi, jefa shi take cikin haɗari. Ku bar lambar waya mai aiki. Ku nemo katin rigakafinsa ku duba ko ya kammala. Kada ku tura yaro mai zazzaɓi da ƙuraje ko jajayen idanu cikin 'yan uwansa. Ku ba shi abin kari kafin ya fita, ko kuɗin tara. Idan aka kira taron iyaye da malamai, ku je da ƙafarku, iyaye maza musamman, kada a bar wa mata da tsofaffi.

Ya ku 'yan kwamitin kula da makaranta, a Najeriya da Nijar! Ku sa lafiya a sahun farko na ajandarku. Ku zaɓi malami ɗaya da malama ɗaya ku ba su wannan aiki a bainar jama'a, a rage musu wani nauyin. Ku cika akwatin nan: bandeji, filasta, auduga, aidin, safar hannu, ma'aunin zafin jiki, farasitamol, fakitin gishiri da sukari, audugar mata, sabulu. A ajiye littafi a rubuta wa aka ba me, a duba shi ƙarshen kowane zango. Wurin wanke hannu ba ya bukatar kwangila: galan mai huda a rataye a sanda, igiya daga bakinsa zuwa wani ɗan itace a ƙasa, yaro ya taka ruwa ya zubo, sabulu na rataye a gefe, in babu sabulu toka ma ta yi. Ku san masu tallan awara da ɗanwake da alale a bakin ƙofa, ku zauna da su kan rufe abinci da ruwan da suke wanke kwano.

Ya ku masu hali da tsofaffin ɗalibai! Kafin ku yi wa makarantarku fenti da babbar ƙofa mai ɗauke da sunanku, ku tambaya ko akwai ruwa. Rijiyar burtsatse da banɗaki mai ɓangaren mata daban sadaka ce mai gudana, yara dubbai za su amfana shekara da shekaru. Ku ware kuɗin gyara, domin famfunan da suka mutu a makarantunmu saboda ƙaramin ƙarfe sun isa abin kuka. Likitoci da nas-nas da masu duba ido da suka fito daga makarantun gwamnati, ku ba tsohuwar makarantarku yini ɗaya a zango, ku koya wa malamanta abin da za su lura da shi.

Ya ku sarakuna, hakimai, dagatai, masu unguwanni da limamai! Kalma ɗaya daga bakinku a huɗuba ko a fada ta fi takardar sanarwa dubu. Ku kira hedimasta da jami'in ƙaramin asibiti ku zaunar da su wuri ɗaya, su san juna, su karɓi lambar juna. Kuma kada a manta da tsangaya da Islamiyya. Almajirai na kwana a cunkushe, suna wanka a kududdufi, ƙazuwa da tsargiya da mashaƙo ba su tambayar wane allo yaro ke riƙe. Duk rabon magani da rigakafi da horon da za a kai makarantar boko, a kai wa alaramma, a shigo da shi tun daga shiri, cikin girmamawa.

Ya ku ma'aikatan lafiya! Yaron da ya zo da takarda daga malaminsa, a duba shi da wuri, a rubuta wa malamin amsa ko da layi biyu ne. Kowane ƙaramin asibiti ya san makarantun da ke kewayensa, ya riƙa leƙa su ko babu annoba.

Ya ku gwamnoni, 'yan majalisa, shugabannin ƙananan hukumomi da sakatarorin ilimi! Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don ilimin matakin farko, amma jihohi da dama kan bar rabonsu a Abuja saboda sun kasa kawo nasu kason. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari don lafiya a matakin farko. Ku ɗauko kuɗin nan. Kada a sake karɓar ginin aji daga ɗan kwangila in babu banɗaki da ruwa. Kowace makarantar kwana ta sami ɗakin jinya da ma'aikacin lafiya mai kwana a ciki, a rage cunkoso a ɗakunan kwana kafin zafi ya shigo. Shirin ciyar da ɗalibai da aka fara a 2016, wanda ya yi ta tafiya yana tsayawa, a tsayar da shi da ƙafafunsa. Kwalejojin ilimi su tabbatar duk mai fita da takardar koyarwa ya iya taimakon gaggawa da hannunsa. A biya malamai haƙƙinsu a kan lokaci, domin mai yunwa ba ya lura da yunwar wani.

Ya ku malamai da ƙungiyarku! A 2014, lokacin Ebola, Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa ta tsaya kai da fata cewa ba za a koma aji ba sai an tanadi kayan kariya da horo, aka ga bokitai da sabulu da ma'aunin zafi a ƙofofin makarantu. A 2020 korona ta sake dawo da su. Annoba na wucewa, bokitan suka ɓace. Muryar da kuka ɗaga a lokacin, ku ɗaga ta yanzu don ruwa da banɗaki. Ku kuma ja ɗalibai a jiki. Dokta David Morley, wanda ya yi aikin lafiyar yara a Imesi-Ile a ƙasar Yarabawa, yana cikin waɗanda suka kafa tsarin nan na yaro ya koya wa yaro a ƙarshen shekarun 1970, bisa lura da cewa yayye ne ke rainon ƙanne. A gidajenmu haka abin yake. Yarinyar aji biyar da ta iya haɗa ruwan gishiri da sukari, ita ce za ta ceci ƙaninta da tsakar dare. Ku kafa ƙungiyar lafiya a makaranta, ku naɗa monitan tsafta a kowane aji, ku dawo da duban safe ba tare da bulala ko tozartawa ba.

Jama'a, kada wannan ya tsaya a karatu da gyaɗa kai. A cikin makon nan, kowa ya taka zuwa makarantar da ɗansa ko ƙaninsa ko ɗan maƙwabcinsa yake, ta boko ce ko Islamiyya ko tsangaya. Ku yi sallama da shugabanta ku tambaya: wane malami ne ke kula da lafiyar yara a nan? Me ke cikin akwatinsa? Ina yara ke shan ruwa, ina suke kewayawa? In yaro ya faɗi yanzu, wa za a kira, da me za a kai shi? Duk amsar da ba ta gamsar da ku ba, ku ɗauki ɗaya daga ciki ku ce wannan tawa ce, ku nemi mutum biyu ku gyara ta kafin zango ya ƙare. Ku nemi malamin nan ko malamar nan ku yi musu godiya a gaban mutane, sannan ku tambaye su abin da suke bukata, ku kawo.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya, Ya ba mu ikon sauke amanar da Ya ɗora mana. Amin.